Ƙulli Uku a Igiyar Rijiya

Dargaza, Lahadi 3 ga Nuwamba

Zuwa ga ɗiyata Mardiyya, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wagga takarda ta iske ki lafiya. Babanki lafiya lau, sai gwiwar nan tasa da ba ta son tashi da safe. Ƙanwarki Afra'u ta yi masassara kwana uku, ta warke, har ta koma lakol wurin karatu. Kakarki tana nan, haƙorinta na ƙarshe ya fita, ta ce a gaya miki ba ta yi kewarsa ba. Akuyarki ta haifi biyu. Hatsi ya shiga rumbu, mun gode Allah. Ni ce kaɗai ba ni da lafiya, kuma ba ciwon jiki ba ne, tunani ne.

Da hannuna nake rubuto miki, babu wanda ya kama mini alƙalami. Idan kin ga harafi ya kwanta, ki tashe shi da kanki. Wadda sai da ta shekara arba'in da shida ta shiga ajin manya, ai a yi mata haƙuri.

Ga abin da ya hana ni sakewa. Kin san lambun ƙungiyar mata da ke bakin rijiyar gabas. Mu talatin da huɗu ne yanzu. Wani furoje na taimakon manoma zai ba mu pompo mai aiki da hasken rana, mu huta da jan guga. Ma'aikacinsu, wani saurayi Abdulrazak, ya kawo takarda mai akwati uku. Na farko an rubuta wat 250, na biyu wat 600, na uku wat 1500. Ya ce garuruwa arba'in ke hannunsa, ba zai iya auna rijiyar kowa ba, kowace ƙungiya ta zaɓi daidai da bukatarta. Wanda anka zaɓa shi za a kawo, babu musaya.

Na ce to a ba mu babban mana. Ya ce babban zai kwashe rijiya kafin idonta ya mayar da ruwa, ya shiga zuƙar yashi. Kin san shanun Jatau, mijin aminiyata Hure, da wagga rijiya suke rayuwa. Ƙaramin kuma idan ya kasa, shuka ta bushe a gabanmu. Da yake ni ce mai rubutu a cikinmu, mata sunka ce: "Sahura, ke ce sakatare, kuma ɗiyarki fizik take karantawa a inibarsite." Sunka ɗora mini takardar sunka watse.

Mardiyya, mene ne wat? Ana auna shi da tiya ne ko da igiya?

Kada ki ce mu yi ta waya. Sai an hau tudu ake samun rezo waya ta shiga, kuma lamba ba ta zama mini a kunne. Ina son abin da zan riƙe in sake dubawa. Ki ba Khalid direba amsa. Ranar Alhamis 5 ga Disamba za mu kai takardar meri, ofishin magajin gari, a Kiyeshe.

Kina cin abinci kuwa?

Innarki, Sahura

*

Yamai, Asabar 9 ga Nuwamba

Inna,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, kuma ina cin abinci, har abokiyar ɗakina tana ɓoye tukunya idan ta ji tafiyata. A gaida Baba da gwiwa, a gaida Afra'u, a ce wa Kaka ina tafe mata da abin da ba ya bukatar tauna. Rubutunki na nuna wa duk wanda ya shigo ɗakinmu. Harafi ko ɗaya bai kwanta ba.

Wat ba shi da wuya, Inna, kin shekara talatin kina fitar da shi da hannuwanki. Idan kinka jawo guga daga rijiya, kin yi aiki. Idan gugan ya fi nauyi, aikin ya fi yawa. Idan rijiyar ta fi zurfi, aikin ya ƙara yawa. Yanzu ki ce ke da Gwaggo Hure kun jawo guga iri ɗaya daga rijiya ɗaya. Aikinku ɗaya ne. Amma idan ita ta riga ki fito da nata, ta fi ki ƙarfin aiki. Wannan ƙarfin shi muke kira puissance a aji, kuma da wat ake ƙirga shi. Aiki ne a raba shi da lokacin da ya ci.

Ga yadda ake yi, ki kwafa a kayenki, littafin rubutunki na aji. A ɗauki nauyin ruwa a kilo, litir ɗaya kilo ɗaya ne. A ninka da goma, goman nan jan da ƙasa ke yi wa kowane kilo ne. A ninka da tsawon da ruwan zai hau, a mitir. Abin da ya fito a raba shi da lokaci, a sakan. Amsar ita ce wat.

Abu biyu nake so ki aiko mini. Ruwa nawa lambun ke sha a yini? Kuma mitir nawa ne daga bakin rijiya zuwa fuskar ruwa, da tsawon shato, wato tankin ruwan da za a ɗora a sama? Don Allah a mitir, Inna, ban da gaba, don gaban kowa daban ne. Lokaci na sani, rana mai ƙarfi awa biyar ce a yini.

Idan kuna son dariya, ku sa a ƙirga muku sakan, ku ga wat nawa kowace ke da shi.

Ki kwantar da hankalinki, akwai lokaci.

Ɗiyarki, Mardiyya

*

Dargaza, Lahadi 17 ga Nuwamba

Ɗiyata Mardiyya,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya, sai kakarki da ta yi fushi da ke, za ki ji dalili. Ɗan akuya ɗaya yana zawo, an ba shi magani.

Mun yi awo ranar Laraba, kuma gari bai taɓa ganin irin wannan taro ba in ba biki ba. Kakarki ta ce rijiyar gaba goma sha uku ce, haka wanda ya gina ta ya faɗa, duk wanda ya sake aunawa ya ƙaryata mamaci. Munka ɗaura dutse a igiya munka zura har ya taɓa ruwa, munka fito da ita munka shimfiɗa a ƙasa. Na auna da hannuwana, gaba goma sha bakwai. Hure ta auna, goma sha biyar. Kakarki ta ce ai maginin dogo ne, ku kuwa duk gajeru. Nan na gane abin da kike nufi. Munka aro santimitir wurin Is'haƙa tela. Ya biyo mu har bakin rijiya yana cewa: "Ku yi mini a hankali, wannan na ɗinkin amare ne, ba na taɓo ba!" Awo ya fito mitir 25. Ruwa yana kusa yanzu, igiya ɗaya ta isa. Abdulrazak ya ce shato mitir 5 zai yi a sama.

Ruwa kuwa, tono talatin, wato duro, muke cikawa kullum da safe, kowane tono litir 200.

Sai tsere. Madam Rukayya, malamar ajinmu, ta riƙe waya tana ƙirga sakan, ga cikinta ya tsufa, muna ta cewa ta matsa daga bakin rijiya. Gugan litir goma ne. Ni na fito da shi a sakan 50. Munka yi lissafin a ƙasa ni da Madam: goma sau goma sau ashirin da biyar, 2500, a raba da hamsin. Mardiyya, innarki wat 50 ce! Hure ta yi a sakan 40, ta samu 62 da rabi. Ta ɗaure zane ta zagaya rijiya tana cewa: "Sahura, ashe shekara talatin ina gaba da ke da goma sha biyu da rabi, kina ɓoyewa!" Na ce mata rabin nan na surutu ne, ba na hannu ba.

Jatau yana gefe yana kallo, sai ya ce a auna masa sansa. Wasakinsa litir hamsin ne, san ya fito da shi a sakan 25. Wat 500. Tun ranar Jatau ba ya amsa gaisuwa da sauri. Ya ce sansa ɗaya Sahura goma ne. Babanki munka ce ya zo a auna shi, ya ce gwiwa. Hure ta ce: "Malam, ai ba da gwiwa ake ja ba." Ya juya ya tafi masallaci, alhali lokacin salla bai yi ba.

Madam Rukayya za ta tafi gidansu a Dutsi jibi, sai ta haihu ta yi arba'in. Saura ni da ke kenan. Ki yi mana lissafin ki aiko.

Innarki mai wat hamsin, Sahura

*

Yamai, Juma'a 22 ga Nuwamba

Inna,

Ina gaisuwa, ina lafiya. Ki gafarce ni, a gurguje nake, Khalid yana jira a tasha kuma jarrabawa ta taso mu gaba. Labarin san Jatau ya sa na yi dariya har da hawaye.

Ga lissafi. Tono 30 kilo 6000 ne. Tsawo 25 da 5, mitir 30. Dubu shida sau goma sau talatin, 1,800,000. Awa biyar sakan 18,000 ne. Idan anka raba, wat 100. Amma pompo ba ya ba da duk ƙarfin da ya ci, wajen rabi yana ɓacewa a cikin inji da tiyo, don haka a ninka biyu: wat 200.

Ƙaramin, mai 250, ya ishe ku har da saura. Ki sa alama a akwati na farko. Kada ki ƙara, kada ki rage, kuma kada ki wahalar da kanki da lissafi, na gama miki shi.

A gaida kowa.

Mardiyya

*

Dargaza, Laraba 27 ga Nuwamba

Mardiyya,

Gaisuwa. Gida lafiya. Ɗan akuya ya warke. Madam Rukayya ta haifi namiji. Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Takardarki ta zo, na karanta wa mata, sunka yi guɗa. Dije shugabarmu ta ce shi kenan, ƙarami. Ni ma na yi murna har na dawo gida.

Amma akwai layin da na karanta sau bakwai. Kin ce kada in wahalar da kaina da lissafi. Na sani ajina bai kai naki ba, kuma ban ce ya kai ba. Idan kina nufin in tsaya inda Allah ya ajiye ni, na ji. Sai dai akwai abin da zan tambaya, ko da za ki ce Inna ta cika shisshigi.

Shekaranjiya na shiga ɗakin ajiya neman lauje, kaina ya bugi guntayen igiya uku da ke rataye. Na tsaya ina kallonsu. Kin san su? Ba na jin kin san su. Kina shekara goma sha biyu kinka tafi kolej a Dutsi, kuma hutunki kullum da damina yake zuwa, lokacin da rijiya ke cike. Waɗannan guntayen ƙari ne. Idan sanyi ya wuce, guga yakan daina kai wa ruwa, sai mu ƙulla na farko. Idan zafi ya kama, mu ƙulla na biyu. Idan bazara ta yi tsakiya, 'yan'uwan Jatau sunka sauko da garkensu ana ja tun safe har la'asar, sai na uku. Kowace shekara ƙulli uku, tun ina amarya. Na sake aro santimitir na auna su: uku, uku, da huɗu. Mitir goma kenan.

Kin ce idan rijiya ta fi zurfi aiki ya fi yawa. To 25 ɗin da na aiko miki na kaka ne. Na bazara 35 ne.

Kuma tono talatin na sanyi ne, ban ruwa sau ɗaya. Da bazara safe da yamma muke yi, in ba haka ba tumatir ya kwanta kafin azahar. Tono sittin kenan. Laifina ne, kin tambayi abin da lambu ke sha, na faɗa miki na ranar da munka auna.

Wataƙila lissafinki ya riga ya san da wannan, kin ce akwai saura. Ni ban sani ba. Madam ba ta nan, babanki ya ce shi iyakarsa ƙirgen damman hatsi. Don girman Allah ki amsa mini kafin Alhamis 5 ga wata. Kalma ɗaya ta isa: ƙarami, ko a'a.

Innarki

*

Dargaza, Juma'a 6 ga Disamba

Ɗiyata,

Kowa lafiya. Ke ce ban sani ba. Khalid bai zo ba mako guda. Sau uku na hau tudu da wayar babanki, taki a kashe. Ko ciwo kike? Ko fushi kinka yi da abin da na rubuta?

Zan faɗa miki abin da na aikata, ki yi hukunci.

Da na ga Talata ta yi babu amsa, na ɗauki kayena na zauna bayan rumbu, na share ƙasa na kama tsinke. Na bi hanyarki daki-daki. Tono sittin kilo 12,000. Tsawo 35 da 5, arba'in. Dubu goma sha biyu sau goma sau arba'in, 4,800,000. Ban taɓa rubuta lamba mai tsawon wannan ba, sai da na matsa gefe don ta samu wuri. Kaza ta bi ta kai ta share mini rabi, na sake. Rabawa da 18,000 ce ta ci mini yini biyu. Na tuna Madam ta ce a kashe sifili uku nan, uku can, ya zama 4800 a raba da 18. Na yi ta cirewa: ɗari biyu, sittin, shida. 266, saura goma sha biyu da na rasa inda zan sa su. Na ninka biyu kamar yadda kinka yi, 532.

Mardiyya, ƙaramin 250 ne. Ko rabi bai kai ba. Na yi sau uku, sau uku yana fitowa haka.

Jiya munka hau amalanke zuwa Kiyeshe, ni da Dije da Hure. Na ƙunsa guntayen igiyar a zane. A hanya na faɗa musu na biyu zan zaɓa. Dije ta sa anka tsayar da jaki. Ta ce: "Sahura, ɗiyar inibarsite ta ce ƙarami, ke da kinka koyi rubuta sunanki shekaranjiya za ki ce a'a? Idan wannan ya shanye rijiya, me za mu ce wa gari?" Hure ce ta ce: "Dije, shanunmu ne za su fara mutuwa idan ta yi kuskure, kuma ni na yarda. Yarinyar ta san fizik, amma ba ta taɓa ƙulla igiyar bazara ba. Ke sau nawa kinka ƙulla?" Dije ta ce a kora jaki.

A meri na sa alama a akwati na biyu. Abdulrazak ya ce rijiyar mitir 25 me za ta yi da 600? Na kwance zane na zube masa igiya uku a kan tebur, na ba shi kayena. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce wa ya yi wannan? Na ce ni. Ya ɗauki hoton shafin da wayarsa, ya buga tambari, ya ce mai bi a layi ya matso. Bai ce daidai ba, bai ce kuskure ba.

Yanzu an gama, babu musaya. Na tsallake maganarki a gaban mutane. Idan na yi kuskure, na jawo wa mata talatin da uku da shanun Jatau, kuma na kunyata ki. Tuwo ba ya wuce mini. Ki rubuto, ko faɗa ne.

Innarki, Sahura

*

Yamai, Alhamis 12 ga Disamba

Innata, Innata!

Lafiyata ƙalau, ban yi ciwo ba, ban yi fushi ba. Motar Khalid ce ta lalace a hanya, ta yi kwanaki a gareji da takardarki a ciki. Wayata kuma ta faɗa bokitin wanki. Da anka gyara motar wajenku ya fara komawa, sai yau da safe ya miƙo mini takardunki biyu tare. Na karanta ta farko a tsaye a tasha, na ce wayyo, biyar ga wata ta wuce, na kashe lambun Inna. Da kyar na iya buɗe ta biyu. Da na kai wurin 532 na yi ihu har wani mai shayi ya zubar da kofi.

Daidai ne, Inna! Daidai ne tun daga farko har ƙarshe. Na sake yi da kalkuleta, na ba abokan ajina biyu sunka yi. 266 ne da ɗan guntu, goma sha biyun da kinka rasa inda za ki sa su su ne guntun. Na biyu shi ne naku. Da kin bi maganata, da pompon ya yi muku daɗi har sanyi ya wuce, sannan ya kasa a daidai lokacin da kunka fi bukatarsa. Kuskuren nawa ne. Ana koya mana a yi lissafi da rana mafi wuya, ni kuwa ban tambaye ki ba.

Kada ki ji tsoron zai shanye rijiya. Tono sittin a awa biyar litir arba'in ne a minti ɗaya. San Jatau yana fitar da kusan haka da wasakinsa idan anka haɗa zuwa da dawowa, kuma rijiyar ta saba.

Layin nan kuwa, wallahi tausayi ne ya sa na rubuta shi. Na tuno ki ga daka, ga lambu, ga Kaka, na ce in ɗauke miki ɗaya. Ban san zai yi miki ciwo ba. Ki yafe mini. Na janye shi: ki wahalar da kanki da lissafi iyakar son ranki.

Na nuna wa malaminmu takardarki. Ya karanta wa aji labarin ƙulli uku, ya ce duk wanda zai auna rijiya ya fara tambayar masu jan ruwa.

Ki ci tuwo, don Allah, har da nawa. A gaida Gwaggo Hure sau sittin da biyu da rabi.

Ɗiyarki da ke alfahari da ke, Mardiyya

*

Dargaza, Lahadi 13 ga Afrilu

Ɗiyata Mardiyya,

Assalamu alaikum. Mun yi salla lafiya, mun ga saƙonki, Afra'u ba ta cire takalmin ba sai wurin alwala. Gwiwar babanki ta yi sauƙi da zafin nan. Kakarki ta yi mura, ta warke. Madam Rukayya ta dawo da ɗanta Aminu, ƙato. Ni kuwa na yi ƙiba, Hure ta ce yanzu ko wat arba'in ba zan kai ba.

Na ƙi rubuto miki labarin pompo tun da anka sa shi a watan Fabrairu, don a sanyi kowane pompo jarumi ne. Na ce sai ranar ƙulli na uku. To ta zo. Garken 'yan'uwan Jatau ya sauko makon jiya, ranar Talata Jatau ya aiko a ba shi guntun igiya na ƙarshe, wasakinsa ya daina kai wa ruwa. Da hannuna na ƙulla masa. Daga nan na tafi gindin shato na zauna, na kasa kunne a jikin tiyo.

Mardiyya, ruwa yana hawa. Ina jin sa yana tafiya kamar ba abin da ya faru. Munka yi ban ruwan safe, shato ya sake cika, munka yi na yamma. Shanu sunka sha sunka ƙoshi, rijiya ba ta nuna yashi ba. Dije ta zo ta tsaya kaina ta ce: "Sakatare, tashi, zaman me kike yi kamar mai jiran haihuwa?" Sai ta kama guɗa, mata sunka ɗauka, Hure ta tara hannu a tiyo ta watsa mini ruwa har ɗankwali. Zogala ta fi ni tsawo, tumatir yana tsaye da tsakar rana, albasa mun fara cira. Na ba Khalid buhu ƙarami ya kawo miki, ki ba mai shayin nan kaɗan saboda kofinsa.

Abdulrazak ya zo dubawa. Ya ce a fom ɗin bana ya ƙara layi: zurfin ruwa a bazara. Babanki yana wurin, ya ce masa: "Ai a gidana anka gano wannan." Na ci gaba da cirar albasata.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Matan Tungar Sambo za a ba su nasu pompo, sunka zo su uku a amalanke da takardarsu, wai an ce musu akwai mai lissafin wat a Dargaza. Na waiga ina neman ko wace ce. Abin da na fara tambayarsu, ƙulli nawa kuke yi wa igiya a bazara? Sunka dubi juna, sunka koma sunka auno. Rijiyarsu da ƙarinta mitir 40, shato 5. Tono arba'in a ranar zafi, kilo 8000. Na samu 3,600,000, na raba da 18,000, ya ba ni 200 cif, na ninka, 400. Na biyu kenan su ma. Abin da ke damuna, babu saura ko ɗaya. Lissafi yana fitowa haka sumul, ko na tsallake wani abu?

Ranar Alhamis 24 ga wata za su kai takardar meri. Ki duba ki amsa mini kafin ranar, kuma ki ba Khalid tun da wuri, ki nisanta wayarki da bokiti. Idan amsarki ta zo, alhamdu lillahi. Idan ba ta zo ba, zan sa musu alama a na biyu, in dawo gida in ci tuwona.

Innarki, Sahura
Sakataren ƙungiyar matan lambu, Dargaza